Daga filin jirgin Alƙahira zuwa masauki: yadda za ka ɗauki tasi

In ka taso daga Kano ko Abuja a jirgin EgyptAir, a tasha ta 3 za ka sauka. Daga ka karɓi jakunkunanka ka fito zauren masu isowa, mutane za su yo kanka, wasu har da kati rataye a wuya, suna ta "taksi, taksi". Wani zai kai hannu kan amalanken kayanka kamar ya san ka tun a gida. Riƙe kayanka da kyau, ka ce masa "shukran", ka wuce. Akwai abubuwan da ya kamata ka gama kafin ka taka bakin ƙofa.

Nemi layin waya tun a ciki. Kamfanoni irin su Vodafone da Orange suna da kanti a zauren, fasfo za ka miƙa su haɗa maka layi da data. Sai canji: akwai tagogin bankuna a wurin. Kada ka canza dalarka duka, kuma ka roƙi a ba ka ƙananan takardu, goma-goma da ashirin-ashirin. Su Misirawa "fakka" suke ce wa canji, kuma "ma fish fakka", wato babu canji, ita ce amsar da ke jiran duk wanda ya miƙa wa direba takardar fam 200 (fam shi ne kuɗin Masar). Wani abu kuma: in wani tsohon ɗalibi ya faɗa maka kuɗin motar da ya biya a zamaninsa, saurara masa don girmamawa kawai. A watan Maris na 2024 an karya darajar fam, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, komai ya bi ta.

Ni dai shawarata ga baƙo a daren farko ita ce Uber ko inDrive, manhajojin kiran mota ta waya. Ba don direbobinsu sun fi kowa kirki ba, sai don kana ganin kuɗin a waya kafin ka shiga, kuma za ka iya tura wa mai jiranka hanyar da kake bi. Wahalarsu ɗaya: yawanci sai ka taka zuwa wurin ajiye motoci ka nemo motarka, kuma lambobin motocin Masar da haruffa da alƙaluman Larabci aka rubuta su. A nan karatun allo da na islamiyya ke yi wa mutum rana. Amma ka lura, ٥ biyar ce ba sifili ba, sifili ɗigo ne kawai, ٦ kuma shida ce duk da kamarta da bakwai ɗin boko. Na taɓa tsayawa gaban motar da ta zo ɗaukata ina ta waige-waige, direban na kallona ta gilashi yana dariya, duk saboda wannan biyar ɗin. Saman lambar ma yana da launi: ruwan lemo na tasi ne, shuɗi mai haske na motar gida, irin wadda direbobin manhaja suka fi zuwa da ita.

In kuma waya ta ƙi, sai farar tasi. Tana da mita, suna ce masa "addad". Direba kuma "ya usɗa" ake kiransa, kada ka tsaya kana "ya sayyidi" da Larabcin littafi, nan take zai gane jiya-jiya ka bar gida. Da yawansu a filin jirgi za su ce mitan ya lalace. To, sai ciniki, kuma a gama shi jakarka tana ƙasa kusa da ƙafarka. Da ta shiga but, bakinka ya mutu. Ka tambaya ƙarara: kuɗin nan fam ne, su "gine" suke cewa, ko dala? Na motar duka ne ko na kowane mutum? Kuɗin ƙofar filin jirgi yana ciki? Zuwana na farko ban yi waɗannan tambayoyi ba. Muka shirya da wani dattijo mai fara'a, muna tafe yana ta yabon mutanen Nijeriya, da muka isa sai ya ce ai farashin da ya faɗa ban da kaya. Ƙarfe biyu na dare, jakunkunana a kulle a motarsa, me zan ce? Na biya.

Wajen karɓar canji ma ka duba. Akwai takardar kirshi 50, wato rabin fam, akwai ta fam 50, kuma wanda bai saba ba, a cikin duhun mota, yana iya ɗaukar wannan a matsayin waccan.

Sai adireshi. Cewa "Madinat Nasr" kawai kamar ka sauka a Kano ne ka ce a kai ka Nasarawa. Unguwa ce babba, akwai Hayyus Sabi', akwai Hayyul Ashir, inda ɗalibai baƙi suke da yawa. Ka sa mai masaukinka ya turo maka wurin a taswira, da sunan masallaci ko kantin da ke kusa, a rubuce da Larabci. Mafi sauƙi ma, buga masa waya ka miƙa wa direban su fahimci juna. Madinat Nasr da Madinatul Bu'us, gidan kwanan ɗaliban Azhar da ke Abbasiyya, ba su da nisa da filin jirgi. Mai zuwa birnin Sitta Oktoba kuwa zai ratsa Alƙahira ne daga gabas zuwa yamma, ya haye Nilu, don haka kada ya yi mamakin kuɗi ko tsawon tafiya. Jirgin ƙasa na cikin gari, wato metro, bai shigo filin jirgi ba, kada ka sa rai da shi da kaya niƙi-niƙi.

Ƴar'uwa mai tafiya ita kaɗai ta zauna a baya, kuma in an buɗe mota ta ga wani zaune a gaba ban da direba, ta fasa. Lambar ƴan sanda 122 ce, ta ƴan sandan baƙi masu yawon buɗe ido 126. In kun iso, ka ce "ala gamb, ya usɗa" ya tsaya a gefe, ka fita, ka sauke kayanka ka ƙirga su, sannan ka sa hannu a aljihu.