Ba Kowane Saƙo Ba Ne Sallama: Kurakuran Da Muke Yi Da Ƙarar Waya A Wurin Aiki

Da haka aka rene mu: in an yi sallama a ƙofa sai an amsa, ko da loma a baki. Waya ta zo ta gaji wannan haƙƙi ba tare da kowa ya ba ta ba. Da ta yi ƙara, hannu ya riga tunani isa gare ta. A ofishin da nake aikin lissafi a Plato, nan Yamai, mu shida ne a ɗaki guda, layukanmu sun haura goma. Kurakuran da zan ambata babu wanda ban yi ba.

Babbansu shi ne "ai dubawa kawai zan yi". Dubawar ba ta cin minti guda, gaskiya ne, amma komawa ita ce aikin. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka ta daɗe tana bibiyar ma'aikatan ofis, kuma lissafin da aka fi saninta da shi shi ne kusan minti 23 kafin mutum ya koma kan aikin da aka katse masa, don ba kai tsaye yake komawa ba, sai ya ratsa ta wasu ƙananan ayyuka tukuna. Duk wanda ya taɓa haɗa rasit arba'in ya san wannan ko ba a yi bincike ba. Kana kan na ashirin da bakwai, saƙo ya shigo, ka amsa, ka ga wani a ƙarƙashinsa, ka dawo ba ka san ko ka shigar da na ashirin da shida ba. Sai a sake daga farko. Taura biyu ba ta taunuwa.

Gyaran shi ne ka yanka wa saƙonni lokaci, kamar yadda ake yanka wa komai. A Jami'ar British Columbia ta Kanada an gwada mutane 124, aka ce su duba imel sau uku kacal a rana har mako guda, kuma sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna damuwarsu ta ragu. Mu kuwa ba ma buƙatar agogo, salla ta riga ta yanka mana ranar. Ni ina dubawa da isowata da safe, sai bayan azahar, sai bayan la'asar kafin tashi. Makon farko hannu zai yi ta ƙaiƙayi.

Wasu sun ji wannan, sai suka cire ƙara suka bar girgiza, suka kife wayar a kan tebur, wai sun magance. Ba su magance komai ba. Masu bincike a Jami'ar Jihar Florida sun nuna a 2015 cewa jin shigowar saƙo kaɗai, ko ba a taɓa wayar ba, yana ƙara wa mutum kuskure a aikin da ke son natsuwa. Dalili a fili yake: zuciya ta riga ta tafi tambayar wane ne, me ya faru. Shiga saitin wayar, ka bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya, ka kashe sanarwar daga tushe. Facebook, TikTok, wasanni da tallan kamfanin layi ba su da abin da zai hana su jira har dare. Sannan wayar ta shiga aljihun tebur.

Sai zaurukan WhatsApp, inda wahalar tamu take. Akwai na dangi, da ƴan'uwa daga Tawa har Abijan. Akwai na abokan makaranta, na unguwa, na fada, na bikin da aka gama tun bara amma ba a rushe zauren ba. Mutane na ganin zaɓi biyu ne kawai: ko su haƙura da ƙarar, ko su fita. Fita kuwa magana ce, gobe goggo za ta kira ta tambaya wa ya ɓata maka rai. Alhali akwai na uku. WhatsApp na ba ka damar rufe bakin zaure na awa 8, ko mako guda, ko har abada, kuma babu wanda zai san ka yi. In wani ya ambaci sunanka ko ya amsa maganarka kai tsaye, za a sanar da kai. Ta'aziyya da sanarwar suna suna nan suna jiranka da yamma. Tunda ka shiga saitin, ka kashe saukar hotuna da bidiyo da kansu. Su ne ke cinye mega da caji, kuma a zafin Afrilu, in wuta ta ɗauke, za ka so a ce ka rage wa batirin aiki.

Akwai kuma masu wuce gona da iri. Su kashe komai ɗungurungum, ranar nan Inna ta kira sau huɗu ba a same su ba, sai su ce dabarar ba ta da amfani, su koma gidan jiya. Yawancin wayoyinmu da Faransanci suke, to ka nemi inda aka rubuta "Ne pas déranger", wato "kada a dame ni". A ciki za ka zaɓi waɗanda kiransu zai shigo ko da an rufe sauran: iyaye, iyali, makarantar yara, shef, wato shugabanka a wurin aiki. A wayoyin Android ana iya barin kiran da aka maimaita cikin minti 15 ya wuce. Kuma ka faɗa wa mutanenka da baki cewa in da gaggawa a kira, kada a rubuta.

Duk wannan na mai karɓa ne. Mai aikawa fa? Mu ne masu rubuta "Salam", mu tura. "Ina kwana", mu tura. "Ya gida", mu tura. Waya ta yi ƙara sau biyar ba a zo kan magana ba. Ban ce a bar gaisuwa ba, Allah ya kiyaye, amma gaisuwa da buƙata su tafi a saƙo guda. Haka saƙon murya: ga tsohon da bai yi boko ba rahama ne, amma kada ka sa abokin aiki sauraren minti huɗu don ya tsinci lamba ɗaya da ka iya rubutawa. A imel kuma, danna "Répondre à tous", wato amsa wa kowa da kowa, don ka ce na gode yana tada mutum ashirin daga aikinsu.

Masu gidanmu su ma da nasu. A Faransa, tun 1 ga Janairun 2017, doka ta tilasta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 50 ko fiye su tattauna haƙƙin ma'aikaci na rabuwa da saƙon aiki bayan tashi. Ba sai an jira doka ba. Shef ɗin da tunani ya zo masa ƙarfe 11 na dare yana iya rubuta imel ɗinsa a Gmail, ya danna ƙaramar kibiyar da ke gefen maɓallin aikawa, ya saita ya isa ƙarfe 8 na safe. Namu na nuna masa da kaina, bayan na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman rance. Ya ce bai taɓa lura da kibiyar ba.