Kurakuran da ɗaliban tsara birane suke ta maimaitawa a Legas

Duk shekara sai na ga ƙannenmu, wasu 'yan Agege da Idi-Araba, wasu daga Kano da Zariya, sun shiga digiri na biyu a wannan fanni da ya haɗa zanen gine-gine da tsara gari, kuma ramin da na bara suka faɗa shi na bana suke faɗawa. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

Tun wajen neman gurbi ake fara tuntuɓe. Hukumar ARCON ce ke yi wa masu zanen gine-gine rajista, TOPREC kuma ta masu tsara gari, wannan karatu kuwa a tsakaninsu yake zaune. Kafin ka biya ko sisi, a Jami'ar Legas da ke Akoka ne ko a wani wuri, ka tambayi sashen wace hukuma ce ta amince da kwas ɗin, kuma ko digirinka na farko zai kai ka ga rajista.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne zana unguwa daga sama. Yaro ya zauna a ɗaki, ya buɗe Google Earth, ya ja layi, ya ce ya tsara gari. Akwai wani da ya kawo min aikinsa a kan kewayen gadar Pen Cinema a Agege: bishiyoyi a jere, titin kekuna irin na Holan, Turawa na yawo da karnuka a cikin hoton. Na ce masa, ƙanena, ina danfo, motar haya ta Legas, zai tsaya ya sauke fasinja? Ina mai shayi da mai tsire? Ranar Juma'a idan masallaci ya cika sahu ya fito titi, ina za a shimfiɗa tabarma? Ya yi tsuru-tsuru. A unguwar aka haife shi fa! Amma da ya hau kwamfuta sai ya manta da duk abin da idonsa ya sani. Wannan ba ƙarancin ilimi ba ne, raina gida ne.

Abin da nake yi, kuma ban ce dole kowa ya bi ba: ina zuwa wurin da asuba, in koma da rana, in sake komawa bayan isha, da takarda da fensir kawai. Kasuwar Mile 12 ta lokacin da ake sauke tumatir da albasa daga Arewa daban take da ta la'asar. Kuma ba na ɗaga waya in ɗauki hoto sai na gaida shugaban kasuwa, ko baale (mai unguwar Yarbawa), ko Sarkin Hausawa. Wanda ya tsallake gaisuwa, ƙarya za a cika masa takardar tambayoyinsa da ita, in ma ba a kore shi ba.

Sai ruwa da ƙasa. Garin nan a bakin teku yake, amma sai ka ga zane ba lambatu ko ɗaya. Ka je wurin a watan Yuni ana tsuga ruwa, ka ga inda yake kwanciya. Makarantar nan mai yawo a kan ruwa da mai zanen gine-gine Kunle Adeyemi ya gina a unguwar Makoko a 2013 ta yi suna a duniya, ruwan sama ya rushe ta a 2016. Haka nan ɗalibi zai shafa jan launi a taswira ya rubuta "a rushe", ko a jikinsa. Ya karanta abin da ya faru da mutanen Maroko da aka rushe musu unguwa a 1990 tukuna. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa fili a hannun gwamna, amma je ka kafa turke ba ka zauna da omo onile, wato 'yan ƙasa masu iƙirarin gadon filin, ba, ka gani.

Sauran ƙanana ne. Kada ka rubuta yawan mutanen Legas ba ka faɗi wanda ya ƙirga ba, don alƙaluman sun saɓa. Ka karanta dokar tsara birane ta jihar ta 2010 da kanka. Idan aikinka ya shafi sufuri, ka hau BRT, babbar bas mai layinta na musamman, da ta fara a 2008, da jirgin ƙasa na Marina zuwa Mile 2 da ya fara a 2023. Kundinka kuma ka ajiye shi wuri biyu, kada a ɗauke wuta daren miƙa aiki ka zo min da kuka.