Darasi na 7: An ɗora sabon inji, kuloci ya ƙi aiki

Motar da ta sha hanyar Tanut da Agadas, ko wadda ke jigilar Magarya da Matamai kullum, wata rana injinta zai gaji. Mai mota ya sayo na hannu daga Kano, a ɗora, inji ya tashi lafiya lau. Direba ya taka fedar kuloci, sai ta faɗa ƙasa ba nauyi, ko giya ta ƙi shiga tana ƙara. Nan take wani zai ce a sauke akwatin giya. Kada ka yarda tukuna. Wannan aikin yini guda ne, ga kuɗi, alhali sau da yawa matsalar tana waje, inda hannu ke kaiwa.

Yadda mai ke tura kuloci

A motoci irin su Hilux da Hiace da tsohuwar Peugeot 504, ba waya ke jan kuloci ba, mai ne ke tura shi, irin man birki. Akwai famfo biyu. Famfon sama yana gaban direba, haɗe da feda. Famfon ƙasa yana jikin akwatin giya. Bututu da tiyon roba ne suka haɗa su. In ka taka feda, famfon sama ya tura mai, famfon ƙasa ya turo sandarsa, sandar ta tura wani ƙarfe mai yatsu biyu, shi kuma ya danna boris, wato zoben ƙarfe mai juyawa, a kan murfin kuloci. A nan ne faifan kuloci ke sakin inji, giya ta samu shiga.

Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Saboda haka ƴar iska kaɗan a cikin bututu ta isa ta shanye duk takun ƙafarka. Kuma wajen cire inji, da wuya a ƙi kwance tiyon nan ko famfon ƙasa.

Fara da ido

Buɗe ɗan tankin man kuloci, wanda ke ba famfon sama mai, bayan ka goge ƙurar bakinsa, don yashin hunturun Damagaram in ya shiga yana cin robar famfo. Karanta nau'in man da ke rubuce a marfi: DOT 3 ko DOT 4. Shi za ka saya, a kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. Man nan yana shan ruwa daga iska. Sabon DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. Kada ka kuskura ka zuba baƙin mai na inji ko man giya, ko da a daji ne: robobin ciki za su kumbura, famfo biyun duka su lalace.

Sai ka leƙa ƙarƙashin feda da tocila. In akwai jiƙa a sandar da ta haɗa feda da famfon sama ko a shimfiɗar ƙasa, famfon sama na yoyo. Je ƙasa ka ɗaga robar da ta rufe bakin famfon ƙasa. In mai ya zubo, shi ne ya mutu. Wannan yakan faru in yaro ya taka feda lokacin da famfon ke rataye ba a ɗaure ba, abin cikinsa ya fito waje, aka mayar da shi da ƙarfi.

Duba hanyar tiyo ma. Sabon inji ba lallai salansarsa ta bi inda tsohuwar ta bi ba. In tiyo ya kwanta kusa da ita, da safe kuloci lafiya, da rana ta take a watan Afrilu feda ta yi laushi. Matsar da shi, ka ɗaure.

Fitar da iska

Alamar iska ita ce feda mai laushi kamar ana taka soso, wadda in aka taka da sauri sau huɗu ko biyar sai ta ɗan yi nauyi. Aikin na mutum biyu ne. A jikin famfon ƙasa akwai ɗan noti mai rami. Dole ya kasance ta sama, domin iska sama take taruwa. In an ɗaura famfon a juye, ko an kwana ana yi iska ba za ta ƙare ba. Sa siririn tiyo mai gani-har-hanji a bakin notin, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai.

"Taka a hankali, yaro. Riƙe."

"Na riƙe, Maigida."

Ka sassauta noti, mai da kumfa su fito, ka ƙara ɗaurewa, sannan ka ce, "Saki." In ya saki kafin ka ɗaure, iska ta koma. In feda ta zauna ƙasa, ya ɗago ta da hannu. Ku yi ta yi har kumfa ta ɗauke, kana cika tanki a kai a kai, don in ya ƙafe aiki ya koma farko. Man da ya ɗiga a fenti a wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

In babu yoyo, babu kumfa, amma ka riƙe feda a tsakiya ta riƙa nutsewa da kanta, robar cikin famfon sama ce ta saki.

Awo da rula

Ga wurin da nake so kowa ya natsu. Danna feda da yatsa har ka ji ta fara nauyi, ka auna wannan wasan. A yawancin motocin Toyota milimita 5 zuwa 15 ne. In ya yi yawa, kuloci ba zai saki sosai ba. In babu shi sam saboda an tsawaita sandar famfon sama, mai ba zai koma tanki ba, kuloci ya riƙa sulɓi da mota ta yi zafi, faifai ya ƙone.

Sannan ka ɗora rula a gefen sandar famfon ƙasa, yaro ya taka har ƙasa. In sandar ta fita fiye da santimita 1 da ƙarfinta, ta kuma tsaya ba ta komawa muddin yana riƙe da feda, ɓangaren mai ya yi nasa. In duk da haka giya tana shiga da inji a kashe amma ta ƙi da an tayar, musamman ribas, to yanzu ne za a sauke akwatin giya. A ciki a duba ko an sa faifai a juye, domin gefe ɗaya ne ke kallon inji kuma yawanci an rubuta a jikinsa. A duba ko mai yatsun nan ya goce daga mazauninsa. A kuma gwada kaurin babban faifan ƙarfen da faifan kuloci ke mannewa a jikinsa, na sabon inji da na tsohon, da murfin kulocinsu. Inji biyu na iya hawa akwatin giya ɗaya, noti ya dace da noti, amma kaurinsu ya bambanta har boris ya kasa kaiwa. Shi ya sa ba a sayar da tsohon inji sai mota ta yi tafiya.

Aikin gida

Kwafi abin da ke rubuce a marfin tankin man kuloci na wata mota. Auna wasan fedarta, ka rubuta shi da milimita. In wasan ya kai milimita 22, nawa za a rage ya dawo 10?