Kurakuran da ke ɓata aikin gyaran sitacin dawa da masara

Duk wanda ya taɓa ganin kunu ya kwana, ya daskare, ya tsattsafo da ruwa a sama, ya san dalilin da ya sa ake gyara sitaci da sinadarai. Sitacin masara ko dawa ko gero, yadda Allah ya yi shi, ba ya jure sanyi, ba ya jure tsami, ba ya jure dogon juyi a kan wuta. Ɗaliban kimiyyar abinci kan ɗauki wannan a matsayin aikinsu na kammala karatu, kuma abin da ke damuna shi ne yadda wahalar makonni ke tafiya a banza kan abubuwan da ake iya kauce musu.

Gasara ba sitaci ba ce. Ɗalibi zai jiƙa dawa, ya markaɗa, ya tace, ya bari ta kwanta, ya ce ya samu sitaci. Alhali akwai furotin da mai da dusa a ciki, su ma kuma suna shan sinadarin. A jiƙa hatsin a ruwa mai ɗan sodiyom metabaisalfait, a tace da rariya mai laushi, a kankare dattin nan mai ruwan ɗorawa da ke kwanciya a sama, a yi ta wankewa har ya yi fari tas.

Babban kuskuren kuwa shi ne dafa sitacin ba da sani ba. Dole ƙwayarsa ta zauna a dunƙule har a gama aiki. Ta masara tana kumbura tsakanin digiri 62 da 72 a ma'aunin Salshiyos, ta dawa tsakanin 68 da 78, don haka mai tsinka sitaci da asid ya tsaya wajen 40 zuwa 50. Amma ba wuta kaɗai ke dafawa ba. Soda mai ƙuna, wadda ake sawa don rage tsamin ruwan, in aka kwarara ta lokaci guda, inda ta faɗa zai dahu nan take ko a ruwan sanyi, sai ka ga gudaji ya cika mazubi, tacewa ta gagara. A tsinka sodar zuwa kashi 3 cikin 100, a riƙa ɗiga ta ana juyawa. Idan da sinadarin fosfet ake ɗaure sitacin don ya ƙara juriya, wanda ke buƙatar pH 11 (pH shi ne ma'aunin tsami, yana hawa in tsami ya ragu), a sa sodiyom salfet kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin sitacin, shi ke hana kumburi. Haka wajen busarwa: jiƙaƙƙen sitaci a tanda mai digiri 100 ƙanzo yake zama. Digiri 40 ya isa, a yi haƙuri da shi.

Mai aiki da asetik anhaidiraid, sinadarin da ke liƙa wa sitaci wani ɓangare nasa da ake kira asetil, ya riƙe pH tsakanin 8 da 8.5. Sinadarin yana sakin asid yayin da yake aiki. In pH ya faɗi, aiki ya tsaya, in ya haura da yawa, asetil ɗin da ya kama ya sake ɓalle. Takardar gwaji ba ta isa a nan ba, sai na'ura. Tsohuwar kwalbar da ta sha raɓar damina kuma ta riga ta koma ruwan tsami.

Mai gyara sitaci da haifokulorait, wato sinadarin da ke cikin bilic, ya sani cewa bilicin wanki na kanti ba na abinci ba ne, ƙarfinsa ma raguwa yake da zafi da haske. Kada kuma a zuba asid a kan haifokulorait, iskar kulorin ce za ta tashi, tana shaƙe mutum. A fara kashe ƙarfin haifokulorait ɗin da baisalfait.

Sitacin da ke kama da busasshe yana riƙe da ruwa kashi 10 zuwa 13 cikin 100, sai a cire nauyin ruwan daga nauyin sitacin kafin lissafin sinadari. A ware wani kaso da ba a taɓa ba don kwatance. In sitacin na abinci ne, asetil ɗin da ya kama kada ya wuce kashi 2.5 cikin 100, iyakar da aka gindaya wa E1420 ke nan, wato lambar da ake ba irin wannan sitaci a jerin sinadaran abinci.