Yadda za ka karanta Of Mice and Men ka wuce "Allah sarki Lennie"

Littafin ƙarami ne, babi 6 kacal, mai saurin karatu zai gama shi tsakanin la'asar da isha'i. Nan matsalar take. Mutum ya ƙare da sauri, ya ce Allah sarki Lennie, ya ajiye. John Steinbeck ya fitar da shi a 1937, kuma a ganina duk wanda ya fito daga cikinsa da tausayin mutum ɗaya kawai bai ci rabin abin da aka dafa masa ba. Ga hanyar da nake bi. Na faɗa tun da wuri, zan tona ƙarshen labarin.

Kafin ka buɗe, ka san ƙasar da kake takawa. Kwarin Salinas ne a jihar Kalifoniya, kusa da garin Soledad, a zamanin karayar tattalin arzikin da ta biyo bayan 1929. A 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki. A Salinas aka haifi Steinbeck a 1902, kuma ya yi leburanci a gonakin yankin yana saurayi, don haka ba labarin ji-ta-ji-ta yake bayarwa ba. George da abokinsa Lennie, ƙato mai tunani irin na yara, 'yan ci-rani ne, sun gudo daga garin Weed, sun zo ɗaukar buhunan sha'ir a wani babban gandu. Tarihin da kake buƙata ke nan, kada ka tsaya haddace shekaru.

Yanzu ɗauko takarda da biro, domin lissafi za ka yi. Wannan ne matakin da na fi ba muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Albashin lebura dala 50 a wata, da abinci da makwanci. Gonar da George yake kwatanta wa Lennie, mai eka 10 da zomaye, kuɗinta dala 600. Abin da ke aljihunsu su biyun dala 10 ne. Rubuta su a jere. A babi na farko, idan George ya fara zancen gonar, kamar tatsuniya yake yi don Lennie ya yi barci, kuma shi kansa bai yarda da ita ba. Sai a babi na uku tsohon mai shara, Candy, ya tsoma baki. An ba shi diyyar dala 250 da ya rasa hannunsa a gandun, ya tara 50, wata 50 na tafe ƙarshen wata. Jimla 350. George ya ƙara albashin wata guda nasa da na Lennie, ya samu 450, ya ce masu gonar a matse suke, za su iya karɓa. A nan ɗakin ya yi tsit, domin abin da suke ɗauka hira ce ya zama mai yiwuwa. To ka duba takardarka ka tambayi kanka daga ina mafi yawan kuɗin ya fito. Daga guntulallen hannu ya fito. Lafiyayyen lebura da ke karɓar 50 ya kashe ta daren Asabar a gari ba zai taɓa kai wa 600 ba, kuma littafin ya nuna maka haka da alƙaluma ba tare da wa'azi ba.

Bayan lissafi sai zane. Juya takardar ka zana wurare huɗu: bakin kogi, ɗakin kwanan leburori, ɗakin Crooks da ke jikin barga, da cikin bargar kanta. Steinbeck ya gina littafin yadda za a iya ɗora shi a dandamali, kuma a shekarar da ya fito aka nuna shi a matsayin wasan kwaikwayo a New York. Kowane babi wuri ɗaya ne, mutane na shiga suna fita. Aikinka shi ne ka rubuta wa aka yarda ya shiga ina. Ɗakin leburori gado takwas ne, kowane da akwatin tuffa da aka kafe masa a bango ya zuba sabulu da reza. Ga mutane a ɗaki ɗaya, amma George karta yake bugawa shi kaɗai. Crooks, mai kula da dawakai, baƙar fata ne, ba a barinsa ya kwana ko ya yi karta a can. Curley ɗan mai gandun ne, matarsa kullum a bakin ƙofa take tsaye tana cewa mijinta take nema. Gidan mai gandun kuwa ba a taɓa shigar da mu ciki ba. Idan ka gama zanen za ka ga kaɗaicin nan tsarin wurin ne ya haife shi, tun kafin a zo ga halin kowa.

Babi na huɗu ka karanta shi sau biyu, na biyun da murya. Daren Asabar ne, majiya ƙarfi sun tafi gari, an bar waɗanda ba a gayyata ba: Lennie, Candy, Crooks, sai matar Curley. Ka bi wulaƙancin ka ga inda yake gangarawa. Crooks, wanda kowa ke takawa, ya samu wanda ya fi shi rauni, sai ya shiga tsokanar Lennie da cewa wataƙila George ba zai dawo ba, kuma yana jin daɗin tsokanar. Can da ya ji kuɗin gonar sun kusa cika, sai ya ce shi ma zai zo ya yi aiki ko ba biya. Sai matar Curley ta shigo. Da ya ce ta fita masa daga ɗaki, ta tuna masa cewa kalma ɗaya daga bakinta ta isa a rataye shi a bishiya. A Amurkan wancan lokaci wannan ba barazanar banza ba ce. Kafin babin ya ƙare Crooks ya ce wa Candy ya manta da maganar da ya yi. Ka lura kuma da littafin dokokin Kalifoniya na 1905 da ke kan shiryayyensa, ya tsufa don yawan dubawa, bai kuwa tsinana masa komai ba a daren.

Matar nan kada ka yanke mata hukunci da bakin leburori. Marubucin bai ba ta suna ba har ta mutu. Ka jira babi na biyar, inda ta gaya wa Lennie wani ya taɓa yi mata alkawarin shigar da ita fim, ta yi ta jiran wasiƙa ba ta zo ba, ta auri Curley don huce haushi. Wannan bai wanke abin da ta yi wa Crooks ba. Ka riƙe duka biyun.

Karen Candy kowa na gane shi, ba sai na daɗe a kai ba. Wani lebura, Carlson, ya harbe tsohon karen a ƙeya don ya tsufa yana wari, kuma da wannan bindigar George ya harbi Lennie a ƙeya a bakin kogi, bayan Lennie ya kashe matar Curley ba da niyya ba. Abin da ya fi dacewa ka ja wa layi shi ne maganar Candy, cewa da shi ya kamata ya harbe karensa da kansa, kada ya bar wa bare. George na wurin, ya ji.

Idan da yara ko ɗalibai za ka karanta, ka san cewa akwai zagi da kalmar cin mutuncin baƙar fata a bakin leburorin, gara ka yi musu bayani tun kafin su ci karo da ita. Turancin ma na leburori ne, ana haɗiye haruffa, shi ya sa karatu da murya yake taimakawa. Akwai fim na 1939 da na 1992, amma ka bar su sai ka gama littafin.

In kuma rubutu aka ce ka yi a kai, kada ka jero kaɗaici, buri, zalunci kamar kayan kanti. Zaɓi mutum ɗaya, ni Candy nake ba da shawara, ka bi kuɗinsa da karensa da hannunsa daga babi na biyu zuwa na biyar. A can ne, gawar matar na kwance cikin ciyawa, ya tambayi George ko su biyun za su iya sayen gonar duk da haka, George kuwa ya ce shi zai ƙarasa watansa ne ya karɓi dala 50 ɗinsa ya tafi gari kamar kowa.