Aikin Auna Karbon a Ƙasar Gona: Daga Ramin Samfuri zuwa Taswira

Wanda yake son ya zama mai binciken karbon ɗin ƙasa ya fara sanin irin ƙasar da zai yi aiki a kanta. A yawancin gonakin jigawa na Kano, Katsina, Maradi da Zinder, karbon ɗin da ke cikin ƙasa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ko manomi ya shekara biyar yana zuba taki yana barin kara a gona, ƙarin da za a samu kaɗan ne, kuma sau da yawa bambancin da ke tsakanin kusurwa biyu na gona ɗaya ya fi shi girma. Saboda haka aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan tsantseni wajen ɗibar samfuri.

Hanyar shiga ita ce digiri a kimiyyar ƙasa, aikin gona ko labarin ƙasa, sannan digiri na biyu. Wuraren da ake samun horo sun haɗa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, cibiyar binciken noma ta duniya IITA, da tashar cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT da ke Sadoré kusa da Yamai. Ka koyi manhajar lissafi ta R da manhajar taswira ta QGIS tun kana ɗalibi. Masu iya aikin fili da na kwamfuta a lokaci guda ba su da yawa, su ake nema.

Ɗibar samfuri

Kafin ka taka gona, raba yankin gida-gida: jigawa daban, fadama daban, gonar karkara mai samun taki daban da ta daji. A kowane rukuni kwamfuta ce za ta zaɓi wuraren, ba idonka ba, domin ido yana son inuwa da bakin hanya. Tsarin ɗibar samfuri na LDSF na cibiyar binciken noma da itatuwa ta ICRAF da ke Nairobi abin koyi ne: fili mai kilomita 10 sau 10, gungu 16, kowane gungu da wurare 10, ana ɗiba daga sama zuwa santimita 20, sannan daga 20 zuwa 50. Don lissafin ƙasashen duniya kuwa, zurfin santimita 30 aka fi amfani da shi.

A kowane wuri share ganye da kara ba tare da ka kankare ƙasa ba. Ɗebo daga gurbi huɗu ko biyar, ka cakuɗa a bokitin roba, ka ɗauki kamar rabin kilo. Rubuta lamba a jikin leda, ka kuma jefa wata takardar da aka rubuta da fensir a ciki. Ajiye lambar GPS. Tambayi mai gona inda aka taɓa yin turken dabbobi, inda ake ƙona kara, inda tsohon suri yake. Gindin gawo ma ba ɗaya yake da fili ba. Idan samfuri ya faɗo a nan, rubuta hakan.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne awon nauyin ƙasa a ma'auni, wato giram nawa ke cikin kowane santimita kubik. Ana kafa zoben ƙarfe mai cin santimita kubik 100 a hankali, a haƙo shi, a yanke bakinsa da wuƙa, a busar da ƙasar a zafin digiri 105 har nauyinta ya daina sauka. Idan ka buga zoben da ƙarfi ka danne ƙasar, lissafin ya lalace. A jigawa busasshiya yashi yana zubewa daga zoben, sai a ɗan jiƙa wurin tukuna.

A ɗakin gwaji

Shanya samfurin karbon a inuwa, ka tankaɗe da rariyar milimita 2, ka auna tsakuwar da ta rage. Yawancin ɗakunan gwajinmu suna amfani da hanyar Walkley-Black ta 1934: giram 1 na ƙasa, mililita 10 na ruwan dikromet, mililita 20 na asid ɗin salfa mai ƙarfi, a bar shi minti 30 kafin a auna abin da ya saura. Tana da araha, amma kusan kashi uku cikin huɗu na karbon take kamawa, shi ya sa ake ninka sakamakon da kimanin 1.3. Gawayi ma ba ta cinye shi sosai. Na'urar ƙonewa da zafi mai tsanani ta fi inganci, sai dai idan ƙasar tana da farar ƙasa dole a wanke ta da asid, in ba haka ba adadin zai kumbura. Kada ka kwatanta sakamakon hanyoyi biyu kai tsaye. A kowane zubi ka saka samfuri ɗaya da ka san adadinsa, da wani da ka maimaita a ɓoye.

Lissafin ba wuya: kason karbon sau nauyin ƙasa sau zurfi. Kashi 0.5 cikin 100, nauyi giram 1.5 a santimita kubik, zurfi santimita 30, ya ba da tan 22.5 na karbon a hekta, sai a cire kason tsakuwa. Idan iskar karbon (CO2) ake tambaya, ninka da 3.67.

Taswira

Za ka haɗa sakamakonka da bayanan ruwan sama, tudu da kwari, da hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, kwamfuta ta ƙiyasta wuraren da ba ka je ba. Tauraron ɗan'adam saman ƙasa kawai yake gani, don haka zaɓi hotunan bayan girbi, ka kauce wa ranakun hazo. Taswirorin ƙasa na intanet irin su SoilGrids da iSDAsoil suna taimakawa wajen tsara fita, amma ba sa maye gurbin awo a gonar mutum ɗaya. Wajen gwada ingancin taswira, ware ƙauyuka sukutum a gefe. Samfuran da ke maƙwabtaka suna kama da juna, sai su sa taswirar ta yi kamar ta fi yadda take. Kowace taswira ta fita tare da ta biyu mai nuna girman kuskure.

Idan za a sake awo, a bari shekara huɗu ko biyar ta wuce, a koma wuri ɗaya, a wata ɗaya, da hanyar gwaji ɗaya. A sake auna nauyin ƙasa, domin huɗa tana sassauta ta, santimita 30 na bana ba lallai ya ɗauki ƙasa daidai da na wancan karo ba. Ragowar samfurin farko a adana shi a busasshen wuri cikin kwalba mai murfi, a gwada tsoho da sabo rana ɗaya.