Kurakuran da aka fi yi da sabon hedifon, da alamun da ke nuna ya samu matsala

Na gaji da ganin samari suna kawo min hedifon da bai yi sati biyu ba, kunne ɗaya ya mutu ko yana wata ziza da ba ta cikin waƙar. Ka tambayi mutum me ya yi masa, sai ya ce: "An ce in ƙure ƙara in bar shi ya kwana yana kiɗa, wai don ya saki." Ni sana'ata haɗa sauti ce, kuma da kaina na taɓa faɗawa wannan ramin, don haka da shi zan fara.

A cikin kowane kunne na hedifon akwai ɗan ƙaramin sifika. Wata 'yar fata ce ta roba, kamar fatar kalangu amma ta fi leda siranta, an manna mata naɗin zaren jan ƙarfe mai kaurin gashin kai, naɗin kuma yana zaune a tsakiyar maganaɗisu. Wuta ta bi zaren, fatar ta yi rawa, ka ji sauti. Idan wutar ta yi yawa kuma ta daɗe, zaren ya ɗauki zafi, gam ɗin da ya riƙe shi ya saki, ko rufin zaren ya ƙone. Shi ke nan, an gama.

Nawa labarin kuwa, wata uku na yi ina tara kuɗi na sayi hedifon na aiki. A ranar na jona shi da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, na zaɓi kiɗa mai nauyin bes, na murɗa ƙara har ƙarshe, na danne shi da filo don kada ya hana mutanen gida barci. Filon ma ya ƙara tsare zafin. Da asuba na ɗauko shi da ɗumi, ina murna wai ya horu. Ina sawa a kunne, duk lokacin da ganga ta buga sai ɓangaren hagu ya ce "zzz" kamar ƙuda ya shiga kwalba. Na kai wa mai gyara, ya saurara sau ɗaya, ya miƙo min ya ce, "Malam, ai ka gasa shi." Abin haushin, kowa ya san sabon babur lallaɓa shi ake yi har injin ya zauna, amma da aka zo kan hedifon sai aka juya abin, wai azaba ce horo.

To shin horon ma yana da amfani? Waɗanda suka auna da na'ura kafin da bayan sa'o'i masu yawa na kiɗa, ɗan bambancin da suke samu ƙanƙani ne ƙwarai. Abin da ke sauyawa da gaske biyu ne: soson da ke rufe kunne yana laushi ya bi siffar kanka, bes ya daina zurarewa, sannan kunnenka ya saba da sabuwar murya. Ni yanzu ba na horar da komai. In sa shi, in tsaya wajen rabin ƙara, in ci gaba da aikina. Kunnena ma ya huta, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar babban mutum ita ce desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na sa'o'i 40 a mako.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin da shi ake cutar mutane. Ka sayi hedifon, ka ji yana ƙarar da ba ta dace ba, ka koma shago, a ce maka, "Ai sabo ne, ka ci gaba da amfani zai saki." Kai kuma ka yarda, ka zauna jira har kwanakin da aka ba ka na mayarwa su wuce, kwalin ma yara sun yaga, rasit ya ɓata. Haba! Ziza da karkarwa da kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara ba su sakewa, aibu ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ranar da ka saya ranar za ka gwada, a gaban mai shagon in da hali.

Ga yadda nake yi. In kunna muryar mutum ɗaya yana magana, kamar labarai ko karatu, in rufe ido. Muryar ta zauna a tsakiyar kaina. In ta karkata gefe, sai in juya hedifon ɗin, na dama a hagu. Karkatar ta bi shi, laifinsa ne. Ta tsaya inda take, kunnena ne. Kafin nan ma ka leƙa saitin wayarka, akwai wurin daidaita ƙarar dama da hagu, sau da yawa yaro ne ya ja shi gefe. Daga nan in nemo sautin gwaji mai hawa daga mafi kauri zuwa mafi siriri, wato daga haz 20 zuwa 20,000, in saurara da ƙara matsakaiciya. Inda fatar ta samu rauni, nan za ta yi ziza, galibi a ƙasa-ƙasa. In sautin ya ɓace maka a can sama wajen 15,000 ko 16,000, kada ka zargi kowa, shekaru ne.

Ba kowace ziza ce mutuwa ba. Silin gashi ɗaya in ya ratsa ragar da ke rufe sifikar ya taɓa fatar, haka yake yi. Cire soson, haska da tocila, zare shi a hankali. Kada ka cusa allura, kada ka hura da ƙarfi, fatar lotsewa take. In kuma sauti na ɗaukewa yana dawowa, murza igiyar kusa da bakin da ake jonawa. In ya amsa, nan ta karye a ciki, kuma wannan gyaran mai sauƙi ne. Wani lokaci muryar mawaƙi ta ɓace, kiɗan ya koma kamar daga rijiya: ko bakin bai shige duka ba saboda ƙura ta cika ramin wayar, ko kuma tsarin haɗin bakin ne bai dace da wayarka ba, domin iri biyu ne, CTIA da OMTP na tsofaffin wayoyin Nokia. Danna maɓallin amsa kira ka riƙe. In muryar ta dawo, ba lalacewa ba ce.

Sauran ƙanana ne amma su ke cinye kuɗi. Daina naɗe igiya a jikin waya, daina fizgo ta daga tsakiya. Rage ƙara kafin ka jona da amfilifaya. Mai Bluetooth kada ya wuni a gaban mota cikin rana, batirinsa ba ya son zafi. Turare da man gashi su ke sa fatar soso ta dinga ɓarewa, ni goge nawa nake da busasshen ƙyalle duk dare. Bayan alwala ka bari kunne ya bushe kafin ka cusa iyafis. Alamar IPX4 da ke jikin kwali yayyafi da gumi take nufi, ba wanka ba. Iyafis da ƙararsa ta ragu a gefe ɗaya kuwa, kafin ka jefar, duba ragar bakinsa. Mafi yawan waɗanda ake kawo min dattin kunne ne ya toshe su, tsohon buroshin haƙori busasshe nake sa musu, bakin yana kallon ƙasa, mai shi ya tafi yana jin kunya.